Tabarmar rawa ta gida: wacce za a saya, kuma da wane wasa?

Tun da zafi ya kama a Yamai yara suka daina fita da rana, wasiƙun da ke shigowa wannan fili suka karkata kan abu guda: tabarmar nan mai kibiyoyi da ake takawa ana bin kiɗa a allo. Mun tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, mun taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƴaƴana uku, babbar tana da shekara 13, autan 7. Sun ga wasan a salula sun hana ni sakat. Na leƙa wajen masu kayan lantarki na ga tabarmi iri-iri, wata an ce da tele kawai ake jona ta, wata sai da kwamfuta. Muna da tele, da wata tsohuwar kwamfutar hannu ta babansu da ba a amfani da ita. Wacce zan saya? *Wata uwa, Yantala*

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsohuwar kwamfutar nan kada a kyautar da ita tukuna, ita ce rabin amsarki.

Tabarmar ba ita ce wasan ba. Manet ce, wato abin dannawa na wasan bidiyo, aka shimfiɗa a ƙasa, ƙafa ke dannawa maimakon yatsa. Kiɗan, da kibiyoyin da ke hawa a allo, da makin da ake ba yaro, duk daga wata na'ura suke fitowa. Don haka wasan ake fara zaɓa, sannan a nemi tabarmar da bakin wayarta ya dace da na'urar da ke gida. Wanda ya fara da tabarma yakan dawo da wadda ba shi da inda zai soka ta.

Kamfanin Konami na Japan ne ya fito da wasan a 1998 da sunan Dance Dance Revolution, mai kibiya huɗu: sama, ƙasa, hagu, dama. A 1999 kamfanin Andamiro na Koriya ta Kudu ya kawo nasa, Pump It Up, mai gurbi biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya. Yawancin tabarmin da za ki gani na tsarin kibiya huɗu ne, shi kuma za ki nema, don ya fi yawan waƙoƙi da sauƙin koyo.

Wadda ake jonawa da tele kai tsaye, abin wasan yara ce, a ɗauke ta a haka. Waƙoƙinta suna cikin ɗan akwatin da ke kanta, sautinsu siriri, galibi ba a iya ƙara wasu, kuma sau da yawa kibiyoyin ba sa tafiya daidai da bugun kiɗan. Autanki zai ji daɗinta na ɗan lokaci. Babbar kuwa ba za ta daɗe ba za ta gane ba kiɗa take bi ba, hoto take bi, ta watsar. Masu faɗi na mutum biyu sun fi muni, don an matse gurabun har ƙafar babba kan taka biyu lokaci guda.

Shawararmu ita ce tabarma mai wayar USB da manhajar StepMania a kwamfutar babansu. Kyauta ce, tana nan tun 2001, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma ba ta buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. Akwai rassanta da aka ci gaba da gyarawa, irin su ITGmania da OutFox, kowanne zai yi. Da zarar an sauke ta an zuba waƙoƙi, ta gama da intanet. In kuran ya ɗauke ana tsakiyar waƙa, batirin kwamfutar ya riƙe, a ƙarasa a ƙaramin allonta. Wani amfanin da iyaye ba sa lura da shi: ke ce mai zaɓen waƙoƙin da ke ciki, abin da bai kwanta miki ba ki share, har hotunan bayan allo ana iya kashewa.

Wurin zuba waƙa ne ke rikita mutane. Cikin jakar da ake kira Songs sai an buɗe jakar rukuni, a cikinta kuma kowace waƙa da tata jakar. In aka jefa jakar waƙa kai tsaye cikin Songs, manhajar ba za ta gan ta ba.

Ita kanta tabarmar hawa uku ce. Akwai siririya ta leda mai naɗewa, mafi araha, mai zamewa da saurin mutuwa. Akwai mai zif a gefe da soso mai tauri a ciki, kaurinsa wajen santimita biyu da rabi. Ta fi zama wuri guda, ta fi tausaya wa gwiwa a kan siminti. Sai ta katako ko ƙarfe, irin wadda kamfanin L-TEK na Folan ke ƙerawa, wadda ake takawa da takalmi tana shekaru. Wannan ta ƙarshe nauyinta kaɗai zai sa kuɗin kawo ta Yamai ya ba ki tsoro, kuma babu dalilin sayenta kafin a ga yaran sun riƙe wasan wata shida. In kin samu mai soso, ɗauki. In siririyar kaɗai ke akwai, ɗauki, ki karanta amsar da muka ba mutumin Talaje a ƙasa. Mara waya kuwa ki bar musu: ga batir, ga jinkiri, ga taku da ke ɓacewa a iska.

Tambaya: Ina da PlayStation 2 da yayana ya bar mini, abokina kuma yana da Wii. Wacce ta fi dacewa, ko in tara kuɗi in sayi PlayStation 4? *Ɗalibi, Harobanda*

Amsa: Ƙanenmu, in don wannan wasa ne, bar kuɗinka a aljihu. Konami bai fitar da shi a PlayStation 4 ko 5 ba. Tsohuwar da ke hannunka ita ce gidansa.

Sai dai duba abu uku. Na ɗaya, yanki. Juya na'urar ka karanta takardar da ke manne a jikinta. In an rubuta PAL, ta Turai ce, kamar yawancin waɗanda ke zuwa mana daga Faransa, kuma faifan Turai kaɗai za ta karɓa. A Turai, a zamanin PlayStation 2, sunan wasan Dancing Stage, da shi za ka nema: MegaMix, Fusion, Max, SuperNova. Faifan Amurka mai ɗauke da sunan Dance Dance Revolution ba zai tashi a ciki ba. Na biyu, wuta. Tamu bolt 220 ce. Babbar PlayStation 2 ta Amurka an yi ta ne don 120, jona ta kai tsaye ƙona ta ne. Na uku, bakin tabarma: tana son mai faffaɗan baki irin na manet ɗinta, ba USB ba, duk da cewa akwai ramukan USB biyu a gabanta.

Ta abokinka kuma tana da nata tarkon. Tabarmar Hottest Party, wasan nan na Wii wanda ya fara fitowa a 2007, ana soka ta ne a ramukan manet na GameCube, na'urar da ta gabaci Wii, guda huɗu masu zagaye a ƙarƙashin murfin da ke saman na'urar in tana tsaye. Wii ta farko, mai lamba RVL-001, tana da su. Waɗanda aka fitar daga 2011, RVL-101 da Wii Mini, an cire musu. Ya ɗaga murfin ya gani kafin ya biya kuɗin tabarma.

Kuma in akwai tsohuwar tele mai ƙusumbi a gidanku, da ita za ka jona PlayStation 2. Tana nuna hoto nan take. Ta zamani sai ta sarrafa hoton tsohuwar na'ura kafin ta nuna, wannan ɗan lokacin kuwa ya isa ya ɓata maka maki.

Tambaya: Na sayi tabarmar PlayStation da adafta na jona da kwamfuta. Kowace kibiya tana aiki ita kaɗai, amma in wasan ya ce in yi tsalle in taka hagu da dama tare, sai ya ce ban taka komai ba. Tabarmar ce ta lalace? *Wani matashi, Bukoki*

Amsa: Da wuya. Laifin adafta ne, kuma tsohuwar matsala ce. An ƙera ta don manet na hannu, inda babban yatsa ba ya iya danna hagu da dama lokaci guda, sai ta ɗauki biyun a matsayin layi ɗaya mai gefe biyu. In ka taka su tare, ɗaya ya soke ɗaya, kwamfuta ta ga tsakiya. Haka sama da ƙasa.

Ga yadda za ka tabbatar. A Windows danna maɓallin Windows da R tare, rubuta joy.cpl, buɗe bayanan tabarmar. Taka hagu. In wata ƴar fitila mai lamba ta kama, lafiya lau, kibiyar maɓalli ce mai zaman kanta. In kuwa wani ɗan gicciye ne ya matsa cikin akwati, ka faɗa matsalar. Wasu adaftocin suna da yanayin tabarma a ɓoye: ka riƙe Start da Select da kibiyar sama tare na daƙiƙa uku, ka sake gwadawa. In bai canza ba, babu saitin da zai gyara ta, sai wata adaftar ko tabarma mai USB tata ta kanta. Ita ma ba a yarda da ita ido rufe, don akwai masu araha da ke da wannan ciwo tun daga masana'anta.

Shi ya sa duk mai zuwa saye, a Babbar Kasuwa ne ko a hannun wani, ya tafi da kwamfutarsa a jaka. A shimfiɗa a shagon. A taka kowace kibiya a tsakiyarta da kusurwoyinta huɗu. A taka hagu da dama tare, sama da ƙasa tare. A tsaya kan ɗaya daƙiƙa goma ana kallon fitilar: in tana ƙyaftawa, dogayen kibiyoyin da ake riƙewa za su riƙa tsinkewa. A ɗaga ƙafa, fitilar ta mutu nan take. Mai shagon da ya hana a gwada, a yi masa sallama.

Tambaya: Falonmu karo ne. Waƙa ɗaya ba ta ƙarewa sai tabarmar ta juya ta nufi ƙofa, yara suna taka gefe suna cewa ba ta ji. Ɗiyata har ta zame sau ɗaya. Me zan yi? *Mahaifin ƴan biyu, Talaje*

Amsa: Malam, wannan aikin kafinta ne na yini guda, kuma shi ne gyaran da ya fi kowane amfani ga siririyar tabarma.

Ka san abin da ke cikinta tukuna, don kada a huda inda bai kamata ba. Leda biyu ne siraran gaske, an zana wa kowace baƙin fenti mai ɗaukar wuta, a tsakaninsu wani siririn soso mai huji-huji. In ƙafa ta danna, fentin sama ya taɓa na ƙasa ta cikin hujin, akwatin da ke kai ya aika saƙo. Ke nan duk abin da ya tattare ledar, ko ya karya fentin, ko ya murƙushe soson, ya kashe kibiya. Zamewar da take yi ba ɓata wasa kaɗai take ba, tana cin ranta.

Auna tabarmar. Yawanci ba sa wuce santimita 80 zuwa 85 a faɗi, 90 zuwa 95 a tsawo. Je kasuwar Katako a yanka maka falankin katako, mai kaurin milimita 12 zuwa 15, a ƙara santimita biyar a kowane gefe. Wanda bai kai wannan kauri ba yana lanƙwashewa. A goge bakinsa da kusurwoyinsa sosai, don ƙafa babu takalmi za ta riƙa sauka kusa da su. Sayi leda mai kauri mai nuna ciki, irin da ake shimfiɗa wa teburin cin abinci, mita ɗaya da rabi, da tef mai danƙo fuska biyu.

Kafin komai, shimfiɗa tabarmar a ɗaki kwana ɗaya ko biyu da littattafai a kai, layukan naɗi su miƙe. Kada a sa ta a rana don a gaggauta, zafin Yamai yana kumbura ledar ya saki danƙon ciki. Sannan manna tef a katakon, layi huɗu a tsaye huɗu a kwance, ɗora tabarmar, shafe ta da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe. Rufe da leda mai kaurin, ka bar akwatin kai a waje. Naɗe bakin ledar ta ƙarƙashin katakon, mai gyaran kujeru ya buga mata ƙananan ƙusoshinsa a can ƙasa. Ko ƙusa ɗaya kada ta ratsa tabarmar.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen ja. In aka ja ledar ta yi tauri sosai, za ta danne kibiyoyin su zauna a kunne ba wanda ya taka. Don haka a yi aikin tabarmar tana jone, an buɗe shafin Test Input na StepMania, a buga gefe ɗaya a duba, a buga na gaba. Daga ƙarshe yanka tsohon tiyub na mota gida huɗu zuwa shida, manna a ƙasan katakon, ba zai ƙara motsi a kan karo ba. Ɗaure wayar a bakin katakon da ɗan sassauci, don in yaro ya harɗe da ita kada ta fizgo daga cikin akwatin. Wayar da ta tsinke a wannan wuri ta kashe tabarmi da yawa da ledarsu ke nan garau.

A bar rabin mita fili a kowane gefe, a janye teburin gilashi, a dubi fankar sama in babba zai yi tsalle. Safa a kan leda santsi gare ta, gara ƙafa zalla, da tsumma kusa don gumi.

Tambaya: Na iya kiɗa, ina jin ina takawa daidai, amma kullum wasan cewa yake na makara. Ina amfani da tele babba da lasifika ta Bluetooth. *Wata malama, Lazare*

Amsa: Malama, kunnenki lafiya yake. Kin faɗi masu laifin biyu da bakinki.

Wasan yana auna taku da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A saitin StepMania na asali, maki mafi girma yana ga wanda ya taka cikin milisakan 22.5 kafin bugu ko bayansa. Na biye 45, sai 90, sai 135, wanda ya wuce 180 an ɗauka bai taka ba. Lasifikar Bluetooth kuwa takan riƙe sauti milisakan 100 zuwa 200, wani lokaci fiye, kafin ya fito. A waƙa mai bugu 120 a minti, tsakanin bugu da bugu milisakan 500 ne. Kin ga ke kina bin kiɗan da ya iso kunnenki, wasan yana hukunci da wanda ya tura tuntuni. Abin haushin, jinkirin Bluetooth ba ya tsayawa wuri guda, yau daban gobe daban, saiti ba ya kama shi. Cire ta. Ja waya daga ramin abin kunne na kwamfutar zuwa lasifika, ki ajiye lasifikar kusa, don sauti kansa yana cin wajen milisakan uku a kowace mita.

Sai tele. Na zamani suna gyara hoto, su tausasa motsi, su ƙara launi, duk kafin su nuna. Shiga saitin hoto ki nemi Mode Jeu ki kunna, ki kashe duk wani abin gyaran motsi. A lura, yawancin tele suna riƙe wannan saiti ga kowane ramin HDMI daban, in an canza rami sai an sake.

Bayan an gama waɗannan biyu, ba kafin ba, a daidaita wasan. A cikin Options akwai Calibrate Audio Sync: kiɗa mai sauƙi zai tashi, ki taka da kunne, manhajar ta lissafa matsakaicin makararki ta gyara. Wata hanyar, kina cikin waƙar da kika sani sosai ki danna F6 sau biyu, ki taka har ƙarshe, in ta tambaya ki yarda ta adana. Kada a ba sabon shiga wannan aiki, zai koya wa na'urar kuskurensa. In an canza tele ko lasifika, a maimaita.

Yadda ake bambance laifin na'ura da na ƙafa: in takunki duk gefe ɗaya suke faɗawa, kullum a makare da kusan tazara ɗaya, na'ura ce. In sun warwatsu, wani da wuri wani a makare, atisaye ne ya rage. ITGmania yana zana wannan a ƙarshen kowace waƙa. In kuma waƙa ɗaya tak ce ke ba ki wahala sauran lafiya, wanda ya tsara ta ne bai daidaita ba, F11 da F12 suna matsar da ita ita kaɗai.

Za ki ji ƙwararru suna maganar sau nawa tabarma ke aika saƙo, 125 a daƙiƙa ko 1000. Bambancin milisakan takwas ne da ɗaya. Mai lasifikar Bluetooth ba nan matsalarsa take ba.

Tambaya: Ana iya sa waƙoƙinmu na Hausa? Yaran sun gaji da na Japan. *Kawun yara, Gamkale*

Amsa: Ana iyawa, a StepMania da rassanta kaɗai. Kowace waƙa fayil biyu ce: sautin, mp3 ko ogg, da ɗan fayil mai ƙarewa da .sm ko .ssc da ke faɗin inda kowace kibiya take. Na biyun kai za ka rubuta. Manhajar ArrowVortex, kyauta ce a Windows, tana iya gano yawan bugu a minti da kanta, kai kuma ka tabbatar bugun farko ya hau kan layi.

Zaɓen waƙa shi ne rabin aikin. Wadda aka haɗa a situdiyo da fiyano da kwamfuta saurinta ɗaya ne daga farko har ƙarshe, cikin awa guda ka gama. Kiɗan kalangu ko ganga da aka ɗauka a fili wani abu ne daban: makaɗi yana bin masu rawa, ya ƙara wuta, ya sassauta, sai ka bi shi kana canza lissafi kowane ƴan daƙiƙu. Bar wannan sai hannu ya faɗa. Sannan da yawa daga kiɗanmu bugu ɗaya gida uku yake rabuwa, ba biyu ko huɗu ba. In ka jera kibiyoyi a layin 8 ko 16 na manhajar, masu raba bugu gida biyu ko huɗu, za ka ji suna tuntuɓe da kiɗan; koma layin 12, mai raba shi gida uku, sai su zauna.

Yanke waƙar ta tsaya minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Ga yara, kibiya ɗaya a kowane bugu biyu ta isa. Ka tsara yadda ƙafa za ta riƙa karɓa-karɓa, hagu, dama, hagu, sannan ka taka da ƙafarka kafin ka ba su, don abin da yatsa ya ga da sauƙi kan murɗe ƙugu. Wannan na cikin gida ne. Raba waƙar mutum a intanet sai da izininsa.

Tambaya: Shekarata 58. Likita ya ce ina da ciwon suga, in riƙa motsa jiki, ga zafi ya hana ni tafiyar yamma. Jikokina sun ce in hau tabarmarsu. Ba wauta ba ce? *Wani dattijo, Kwara Kano*

Amsa: Ba wauta ba ce, Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. A 2006 jihar West Virginia ta Amurka ta shigar da wasan nan makarantun gwamnati don motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, minti talatin sau biyar ke nan, kuma taka tabarma a hankali yana shiga lissafi. Amma a fara gaya wa likitan, musamman in akwai hawan jini, ciwon zuciya ko na gwiwa.

A sa mataki mafi sauƙi, Beginner, da waƙoƙi masu sanyi. A cikin zaɓin ɗan wasa a kunna No Jumps don a cire tsalle, a kashe faɗuwa don waƙa ta kai ƙarshe ko an yi kuskure. Injin asali na gidajen wasa yana da ƙarfen dafawa a baya. A gida kujera mai nauyi da aka jingine da bango za ta yi wannan aiki. Waƙa uku, a zauna, a sha ruwa. Minti goma ya isa a makon farko, da sassafe ko bayan isha'i, ba da ciki wayam ba. Mai suga ba ya taka komai ƙafa zalla, don haka abin da muka faɗa wa mutumin Talaje ban da ku: a sa takalmi mara nauyi mai taushin ƙasa, a duba tafin ƙafa bayan an gama. Jiri ko nauyin ƙirji, a tsaya nan take.

Abu ɗaya da ke wahalar da duk sabon shiga, yaro da babba: komawa tsakiya bayan kowane taku. Ba a so. Inda ƙafa ta sauka a bar ta nan har a buƙace ta, wasan ba ya rage maki don an tsaya kan kibiya. Mai komawa tsakiya aiki biyu yake yi, shi ne kuma ke saurin rasa daidaito.

Tambaya: Just Dance fa? An ce ba ya buƙatar tabarma. *Wata budurwa, Wadata*

Amsa: Gaskiya ne, ƙanwarmu, amma wani wasa ne daban. Na kamfanin Ubisoft na Faransa ne, ya fara a Wii a 2009. Ana kwaikwayon mai rawa a allo, na'urar kuma hannun da ke riƙe da manet kaɗai take aunawa, ƙafa ba ruwanta. Ya fi daɗi in an taru da yawa, ba ya hukunci mai tsanani. Na salula, Just Dance Now, sai da intanet duk lokacin da ake wasa, ga kuɗin buɗe waƙoƙi. Faifan Wii ba ya buƙatar ko ɗaya, na ƙarshe da aka yi mata shi ne Just Dance 2020.

Tambaya: Tabarmarmu ta fara danna kibiyar ƙasa da kanta, ba wanda ya taka. Wata takwas da saye. *Maman Abba, Banifandu*

Amsa: Kibiyar ƙasa ita ke shan dunduniya, ita ke fara gajiya. Ko soson tsakiya ya murƙushe har ledojin biyu suna taɓa juna, ko wani layin naɗi ya tattare a wurin. Cire ta daga kwamfuta, juya ta, shafe wurin da hannu, bar ta a shimfiɗe kwana biyu. In mai zif ce, buɗe ki gyara zaman soson ciki, ki juya shi gaba ya koma baya. In bai daina ba, mai gyaran rediyo zai iya farke ɗinkin gefe ya sa sabon siririn soso mai huji a gurbin, amma a tambayi kuɗin aikin tukuna, kada ya kai na sabuwa.

Wadda za ta zo bayanta kada a riƙa ninke ta a layi ɗaya kullum, nan fentin ke karyewa. A tura ta ƙarƙashin gado a shimfiɗe da zane a kai, ko a naɗe ta sako-sako. Ƙura a share da tsumma mai ɗan danshi, ba a zuba ruwa, ba a sa fetur ko barasar goge-goge. Lokacin hunturu, in iska ta bushe, za ki iya ganin tabarmar tana yankewa daga kwamfuta tana dawowa: wutar da jiki ke tarawa ce in ana gogar leda. Goge saman da tsumma mai danshi kafin a fara yana rage ta, kuma a soka wayar kai tsaye a jikin kwamfutar, ba ta cikin abin raba ramukan USB ba.